A Gina Tashar Kano da Ƙasar Kano

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan wani aikin hannu da malamai su kan sa yara su yi, watau gina kwatancin tashar jirgin ƙasa a bisa tebur, da dogonta, da taragunta, da gidaje da itatuwan da ke kewaye da ita. Aikin yana da kyau, ba ni da ja a kan wannan. Abin da na ke ja a kai shi ne irin ƙasar da a kan zana a bisa teburin. Sau da yawa in ka duba sai ka ga ciyawa kore shar, da gidaje masu jan rufi mai tsini, da shanu marasa tozo, kome fes kamar yau aka fito da shi daga kanti. In ka tambayi yaro, "Wace tasha ce wannan?" sai ya ce maka, "Tashar jirgi ce, Malam." Ba ta da suna, gama ba ta kowa ba ce. An kwaikwayo ta ne daga hoton da ke jikin kwalin da jirgin wasan ya zo ciki, hoton kuwa na ƙauyen Ingila ne ko na Jamus.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, in za mu sa yaran Kano su gina tasha, to, su gina tashar Kano, su gina ta da ƙasar Kano, su kuma sa mata ƙurarta da tsatsarta da hayaƙinta, har dattijon da ya yi dako a wurin yana saurayi in ya gani ya ce, "Lalle nan ne." Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar aro ma ba ta koya wa yaro kome game da tasa.

Kafin mu ɗauki yumɓu, ya kamata mu san abin da za mu gina. A shekarar 1907 aka kawo Sir Percy Girouard ya shugabanci Jihar Arewa, shi kuwa injiniyan dogo ne, mutumin Kanada. A zamaninsa aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, aka bi ta Minna da Zariya, har ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. A 1912 aka buɗe hanya ga fasinja da kaya. Aka haɗa wannan dogo da wanda ya taso daga Ikko, ko da ya ke sai da aka gama gadar Jebba a 1916 kana jirgi ya daina jiran fito a bakin kogi. Daga Ikko zuwa Kano wajen mil 700 ne. A 1930 aka kai reshe har Nguru.

An kafa tashar a bayan badala, gabas da birni. Kusa da ita ga Fagge, tsohon zangon ayari, inda Buzaye da fatake su kan sauke raƙumansu tun kafin a san Bature. Gaba kaɗan aka yanka Sabon Gari wajen 1913, domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka biyo dogo daga Kudu. Kwara kuma suka kafa kantunansu a Fagge, abin da ya zama Kantin Kwari ke nan. Turawa sun yi zaton auduga za su riƙa kwasa daga Kano su kai masaƙun Ingila, amma manomi ya yi nasa lissafi, ya ga gyaɗa ta fi biyansa, ga shi kuma ana cinta in fatauci ya ƙi. Cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗa ta cika tasha. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta wa kamfanoni, aka riƙa jibga buhuna ana yin dala, wata dalar ta kan ci buhu har 15,000. A tuna fa, dalar nan shaida biyu ta ke bayarwa. Tana nuna albarkar noma, tana kuma nuna cewa taragu sun kasa, gama da jirgi yana kwashewa a kan kari da ba a tara ta haka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu har gyaɗar bara ta kan tarar da ta bana a fili, an lulluɓe ta da tamfol. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa a 1975, da hankalin hukuma da ya koma kan man fetur, su suka kawar da dalar nan daga Kano.

To, ga wurin da za mu sa a bisa tebur. Wane ƙauyen Ingila ne ya fi shi labari?

Mataki na fari shi ne awo, a nan kuwa darasin lissafi ya ke shigowa da kansa ba tare da an kira shi ba. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na tsohon dogon Nijeriya ƙafa 3 ne da inci 6. Na Ingila da yawancin ƙasashen Turai ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, shi ne kuma faɗin sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Yawancin jiragen wasa da a ke sayarwa an yi su ne bisa kashi 1 cikin 87 na girman na gaskiya, dogonsu kuwa milimita 16 da rabi, watau kwaikwayon dogo mai faɗi. Kadan ka ɗauki wannan dogo ka kewaye shi da gine-gine na kashi 1 cikin 87, ka ba tsohuwar tashar Kano dogon da ba ta taɓa yi ba. Masu wannan sana'a a ƙasar New Zealand, waɗanda dogonsu faɗinsa ɗaya da namu, sun sami dabara: su kan bar dogon milimita 16 da rabi yadda ya ke, su gina sauran kome bisa kashi 1 cikin 64, sai lissafi ya fita daidai, ko ya kusa ƙwarai. Wannan awo ya dace da aji, gama mutum mai tsawon ƙafa 5 da inci 4 inci 64 ke nan, a bisa tebur sai ya zama inci 1 cif. Yaron da ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin duk sauran. Ƙofa mai ƙafa 8 inci 1 da rabi ce. Mil guda kuwa ƙafa 82 ne da rabi, babu ajin da zai ɗauka.

Tebur mai ƙafa 8 a tsawo da 4 a faɗi yana ɗaukar fili mai ƙafa 512 da 256 kaɗai, filin tasha kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka tilas a zaɓa. A ɗauki ginin tasha da dandamalinsa, da layi biyu ko uku, da tankin ruwa, da sito guda, da dala guda, da 'yan gidajen ƙasa a gefe su tsaya a madadin Fagge. Sauran a zana su a jikin allon da za a kafa a baya: badala, da Ƙofar Mata, da dutsen Dala can nesa cikin hazo. Rage yawan layuka ba ƙarya ba ne, taƙaitawa ce, kamar yadda mai ba da labari ya kan tsallake abin da bai zama dole ba. Ƙarya ita ce a sa abin da babu shi a wurin.

Dalar gyaɗa ita ma darasi ce. A ce gindinta buhu 35 ne ko wane gefe, ko wane hawa yana raguwa da ɗaya har a kai buhu guda a ƙoli. A sa manyan yara su tara, za su sami 14,910, kusa da adadin da na ambata. Sa'an nan a tambaye su, buhu nawa ido ke gani daga waje? Za su sami 2,381. Waɗannan kaɗai za a yi, cikin kuwa a cike shi da curin yumɓu. Yara 40, ko wane ya murza buhu 60, an gama. Kada a yi kwaɗayin yin buhunan da ƙwayar wake ko ta masara don sauƙi, gama ɓera da ƙwari za su yi wa dalar abin da fari ya yi wa ta gaskiya. A murza su da yumɓu, a danna su a jikin tsohon ƙyalle tun suna ɗanye, saƙar buhu ta fito.

Mataki na biyu shi ne a zaɓi shekara, a kuma zaɓi wata. Tasha ba ta zauna da kama ɗaya ba tun 1911. In mun ce watan Janairu na 1950 mu ke nufi, to, kan jirgi mai cin kwal za mu sa, kwal ɗin da a ke haƙowa a Inugu, gama masu shan man dizal sai tsakiyar shekarun 1950 suka soma shigowa. Ba za mu kafa tuta mai kore da fari ba, tun da ba a ɗaga ta ba sai 1960. In an rubuta kuɗin tikiti a allo, da sule da kwabo za a rubuta, naira sai 1973. In kuwa 1912 mu ke nufi, kada a dasa darbejiya ko ɗaya, domin sai wajen 1928 aka shigo da ita Nijeriya, ta Barno aka soma. Watan ma yana da hukuncinsa. A Janairu ciyawa ta bushe ta yi fari-fari, kududdufi ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa a lokacin ya ke kore, gama shi da rani ya ke yin ganye, ya kaɗe da damina. Yaron da ya sa wa kuka da gawo ganye a tebur ɗaya bai duba daji ba. Ka ga tarihi da labarin ƙasa da sanin itatuwa duk sun hallara a kan katako guda.

Kayan aiki kuwa kusan duk a ƙofar gida su ke. Jar ƙasa da marmara a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi, a shanya a rana ko a gasa a kasko don ƙwayayen ƙwari su mutu. Dole a tankaɗe, gama tsakuwa mai kaurin kashi 1 cikin 16 na inci, a awonmu dutse ne mai inci 4. Duwatsun da a ke zubawa a ƙarƙashin dogo, rairayi mai ɗan kauri ya ishe su. In jirgin mai tafiya da lantarki ne, a bi ƙasar da maganaɗisu a tsince ɓarɓashin ƙarfe, kada ya shige cikin inji. A shimfiɗa ƙasar a bushe, a gyara ta da gashin kaza, kana a ɗiga mata ƙaro da aka jiƙa da ruwa, da ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya ratsa maimakon ya taru a sama. Ƙaro ya kan yi laushi da damina, saboda haka inda makaranta ke da hali, farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa ya fi shi ƙarko. Ƙafafun tebur a tsoma su cikin gwangwani mai toka ko kananzir, a kuma janye shi daga bango, in ba haka ba gara za ta hau ta yi nata gini.

Ciyawa, a yanyanka zaren rama ko tsohuwar igiya gajere-gajere, a dasa tsibi-tsibi, kada a jera kamar shukar gero. Itatuwa, a tono saiwar ƙananan tsire-tsire a busar a kifa, saiwa ta zama rassa, a manna mata guntayen soso da aka barbaɗa wa garin katako rinanne. Gangar kuka a gina ta da yumɓu a kan waya. Dangan zana, tsinken tsintsiya mai laushi ya isa. Rufin kwano, a sami takardar azurfa irin wadda a ke naɗe kaya, a ɗora a kan matsefi mai ƙananan haƙora a goga da farce, sai ga kwano da layukansa. Gidajen Fagge kuwa a gina su da ƙasa yadda magina ke yi, bango mai kauri a gindi yana sirancewa sama, da zankwaye a kusurwa, da indararo na karan alkama ko na tsinke, da kan azara yana leƙowa. Kada kowa ya ce yaranmu ba za su iya ba. Yaron da ya ƙera motar kara da ɓargon dawa, ko ta langa-langa mai sitiyari, ba wanda ya koya masa, ya riga ya iya rabin aikin nan. Abin da ya rage masa awo ne da lura.

Yanzu na zo kan abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma a ke yawan bari, watau sa wa ginin tsufa. Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sun daɗe da gane cewa abu sabo fil ba ya kama da gaskiya. Amma tsufar nan ba a yinta da ka. Wanda ya ɗebi baƙin fenti ya shafe kome ya ɓata aiki ne kawai. Ko wane tabo a duniya yana da dalili, aikin mai gini shi ne ya nemo dalilin. Abubuwa biyar ne ke tsofar da tasha: ruwa, da rana, da iska, da wuta, da ƙafar mutane. A bi su ɗaya ɗaya.

Ruwa daga sama ya ke zuwa ya bi ƙasa, saboda haka duk zanen da ya bari a tsaye ya ke. Tsatsar kwano daga bakin ƙusa ta ke somawa, da inda falle ya hau falle, ta gangara cikin kwarin layi. Jikin tankin ruwa yana da zane-zane daga baki zuwa gindi, ƙarƙashinsa kuma ƙasa ta yi duhu, har da 'yar ciyawa kore ko da rani, ita kaɗai ce koren da aka yarda da shi a wurin. Hadarin Kano daga gabas ya kan taso, don haka bangon gabas na gidan ƙasa ya fi zaizayewa, magina sun san wannan, shi ya sa su kan ƙara masa makuba ko laso. Gindin bango ya kan ɗan rarake inda ruwan indararo ke fantsama. Rana kuwa kashe launi ta ke yi. Jan fenti ya kan koma kamar na tukunya, baƙi ya koma toka-toka, tamfol ya yi fari a ƙoli ya bar duhu a cikin ninki.

Iska tana kawo ƙura, ƙurar Kano kuwa iri biyu ce, wanda ya lura da wannan ya yi nisa. Akwai ja, wadda ƙafa da kofato da taya ke tayarwa daga ƙasa, ita tana kama gindin bango da ƙafafun tarago, tana raguwa in an yi sama. Akwai kuma fara, ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ita daga sama ta ke sauka, ta kwanta a kan rufi da saman buhu da ganyen itace da dokin taga. Ta fari a yi ta da garin jar ƙasa, a shafa daga ƙasa zuwa sama da busasshen burushi. Ta biyu a yi ta da alli da toka, a barbaɗa daga bisa a hure.

Wuta ta kan jirgi ce. Inda inji ya saba tsayawa, tsakanin ƙarafan dogo baƙi ne ƙirin da toka da mai da ɓarɓashin kwal, sai a yi shi da garin gawayi da kunkunniyar madafa. Duk abin da bututun hayaƙi ke wucewa ƙarƙashinsa yana da baƙin tabo daidai tsakiyar layi. Ƙarfen dogo gefensa tsatsa ne, amma samansa yana ƙyalli a layin da jirgi ke bi kullum, a layin ajiya kuwa har saman ya yi ja. Da wannan kaɗai mai kallo zai gane wane layi ne ke aiki. Ƙafar mutane ita ce ta ƙarshe. Mutum ba ya bin hanyar da injiniya ya zana masa, ya kan yanke. Sai a fitar da 'yar turba mai santsi daga wajen Fagge zuwa dandamali, a yi wurin da jakuna su kan tsaya ya tattake, a yi duhun hannu a jikin ƙofar sito daidai inda a ke turawa, a zuba ɓawon gyaɗa da na rake inda 'yan dako su kan huta.

Akwai wata ƙa'ida kuma ta launi. Mai kallo da ya tsaya ƙafa 3 daga tebur, a awonmu kamar yana yadi 64 ne daga abin da ya ke kallo. Abu kuwa daga nesa ba ya ƙyalli, launinsa ya kan dushe, balle cikin hazo. Don haka ko wane launi a sirka shi da ɗan fari ko toka, a guji fenti mai sheƙi, a kuma sa tsufar kaɗan kaɗan, a ja da baya a duba, a ƙara. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ita ce wuya.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na fari zai ce, mu da a ke koya mana mu hori yara da tsabta, yaya za mu sa su zana tsatsa da ƙura, mu nuna wa baƙo garinmu da datti? Amsata ita ce, tsufa dabam, ƙazanta dabam. Gemun dattijo da ya yi fari ba datti ba ne. Allon almajiri da ya yi baƙi don yawan rubutu da wankewa ya fi sabo daraja a wurin mai hankali. Tsatsar da ke jikin tarago shaida ce ta mil dubbai da ya yi yana ɗauke da gyaɗa da fatu da shanu zuwa Kudu, yana komowa da goro da gishiri da kananzir. In kuwa akwai abin da ya lalace don sakaci, to, gara yaro ya gan shi sosai, gama wanda bai iya ganin inda ruwa ke cin bango ba, ba zai iya gyaran bango ba. Idon da ya koyi neman dalilin tabo shi ne idon magini da makaniki da likita.

Na biyu zai ce, wannan wasan yara ne, lokacin karatu a ke ci. Na riga na nuna lissafin da ke ciki, da tarihi, da labarin ƙasa. In ƙara da wani misali daga waje. Wani mutumin Ostareliya, Roye England, ya zo Ingila a 1925, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ana rushe su ana sake musu kama. Sai ya shiga auna su ɗaya ɗaya yana gina kwatancinsu, ya ƙare rayuwarsa a kan wannan. Aikinsa shi ya zama gidan tarihi na Pendon, kusa da Oxford, wanda aka kafa a 1954, mutane suna zuwa su ga yadda ƙasarsu ta ke a shekarun 1920 da 1930. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, ƙasar da ke gaban idonsa tana shuɗewa ita ya gina. In za mu kwaikwayi Turawa a wannan sana'a, wannan hali ya kamata mu kwaikwaya, mu bar musu jan rufinsu.

Na uku shi ne wanda na fi ba nauyi, gama ni ma daga makarantar allo na fito. Zai ce, ina hukuncin ƙera surar mutum da dabba? Gini da itace da dogo da tarago ba su da rai, ba a kansu maganar ta ke ba. Game da mutane da raƙuma da jakuna kuwa, fatawa ta malamai ce, ko wace makaranta ta tambayi malaminta ta bi abin da ya ce. Amma ina so in nuna cewa ko an bar su gaba ɗaya, aikin bai ragu ba, in dai an sa tsufar daidai. Tabarma shimfiɗe a inuwar sito da buta a gefenta, takalma a ƙofar ɗan masallaci, mangala a jingine, murhun mai ƙosai da baƙin toka, sawun raƙumi a cikin rairayi, tsani a jikin dala da buhu guda a rabin hanya: wa zai dubi wannan ya ce ba kowa a tashar? Sai ya ce an tafi salla ne, yanzu za a komo.

Abin da ya sa na ke ganin aikin nan ba na jira ba ne shi ne, shaidu suna ƙarewa. Wanda ya hau dala da buhu a ka yana ɗan shekara 20 a 1960, yau ya haura 80. A 2021 aka aza harsashin sabon dogo mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Alheri ne, Allah ya sa a amfana. Amma sabo in ya zo, tsoho ya kan tafi ba sallama, yaran da za a haifa kuma za su ji ana cewa dalar gyaɗa su zaci tatsuniya ce. Saboda haka kafin a taɓa yumɓu, malami ya nemi izinin hukumar tasha ya kai yaransa, da littafi da fensir da igiyar awo, a tsaya nesa da layi, a auna abin da ya halatta a auna, a zana, a ɗauki hoto in an yarda, a ɗebo ƙasa a ƙulla a ƙyalle. Sa'an nan a aiki ko wane yaro wurin kakansa, ko wani dattijo na unguwarsu a Fagge ko Sabon Gari, ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Baba, yaya wurin nan ya ke a zamaninku? Ina a ke auna gyaɗa? Ina raƙuma ke durƙusawa?" Abin da aka samo a rubuta shi a littafi a ajiye tare da teburin. Ran da aka gama, a gayyato dattawan nan su duba, in sun ce tankin ba nan ya ke ba, a ɗaga shi a mayar inda suka nuna, gama su ne masu jarrabawar.

Mu da za a ba amanar aji gobe, ba duka za mu sami jirgin kanti mai lantarki ba. Kada wannan ya hana. Taragon kara a kan dogon waya, in an auna shi daidai, an sa masa jar ƙura a ƙafa da fara a ka, ya fi koyarwa bisa ga na kanti mai tsada da ke zagaya ƙasar da ba wanda ya san sunanta. Wanda ke Zariya ya gina Zariya, na Gusau ya gina Gusau, na Nguru ya gina Nguru, kowa da launin ƙasarsa. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu idon lura da haƙurin aiki, ya sa mu zama masu amfani ga yaran da za a danƙa mana, amin.